Dokin Sukuwa a Titin Kasuwa

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, ƙanina ya turo mini hoto ta WhatsApp. Babur ne shuɗi, Yamaha R1, an kafe shi a ƙofar wani shago a Legas, sai sheƙi yake yi. A ƙasan hoton ya rubuta: "Yaya, ya ka gani? Beljiyam ne, ko ƙwarzane babu. Na kusa haɗa kuɗin." Na daɗe ina kallon hoton, don ni ma ya burge ni. Shekarata ashirin da 'yan kai ina hawan babur, tun daga Jincheng ɗin mahaifinmu, kuma har yau idan na jiyo kukan inji mai silinda huɗu daga nesa sai na waiwaya. To amma yaron nan a Rijiyar Zaki da ke Kano yake kwana, a titin Zoo yake aiki, kuma babur mafi ƙarfi da ya taɓa riƙewa shi ne Boxer. Sai na ce ya same ni ranar Asabar a garejin bakanikena.

A garejin akwai wani babur ɗin tsere mai cc 600 (cc ma'aunin girman inji ne) da aka kawo gyara, an ɗaga tayarsa ta baya a kan ƙarfe, yana tsaye cak. Na nemi izini, na ce wa ƙanin nawa ya hau, ya ɗora ƙafafunsa biyu a kan matakai, ya kama kan babur, ya ɗago kai ya dubi ƙofar gareji kamar titi ne a gabansa. Na duba agogo. Minti biyun farko murmushi yake ta yi, har yana cewa yaron gareji ya ɗauke shi hoto. A minti na biyar ya fara sakin hannun hagu yana yarfewa. Kafin a cika minti goma ya ce, "Yaya, wuyana." Bakaniken, wanda dattijo ne da ya fara da gyaran Vespa, ya ɗago daga inda yake tsugune ya ce, "Samari, ai ko hular kwano ba ka sa ba tukuna, injin ma a kashe yake."

Ga abin da nake so in faɗa, ga ƙanina da duk wanda ke tara kuɗin abin da samari ke kira fawa bayik. Mutumin da zai hau babur kullum, ya je aiki ya dawo, ya biya kasuwa, ya leƙa Zariya a ƙarshen mako, bai kamata ya fara da tambayar nawa yake gudu ba. Tambayar farko ita ce yaya jikinsa zai kasance bayan awa guda a kai. Samari suna ɗaukar maganar jin daɗin zama a matsayin zancen tsofaffi, ko ma ragwanci. Ni kuwa a wurina maganar rai ce. Mahayin da tsintsiyar hannunsa ta yi tsami, wuyansa ya ƙage, cinyoyinsa suna gasuwa, rabin hankalinsa ya bar titi ya koma kan jikinsa. Ba ya waiwayawa kafin ya sauya hannu, saboda waiwayen ciwo yake masa. Yana ɗokin fita daga cunkoso ko ta halin ƙaƙa. Kuma ba shi kaɗai ke biyan kuɗin wannan gajiya ba, har da yarinyar da ke tsallaka titi da farantin talla a ka.

Duk wanda ya taɓa zuwa filin sukuwa ya ga yadda mahayi ke zama idan za a saki dawaki: an ɗage likkafa sama, gwiwa a naɗe, ƙirji a kan wuyan doki, shi kansa sirdin da ƙyar yake taɓa shi. Zama ne na 'yan mintoci. Mutumin nan da kansa, ranar da zai tafi ƙauye a kan doki, zai sassauto likkafa ya miƙe bayansa, kuma babu wanda zai ce masa rago. Baburan tsere irin su R1, da GSX-R1000 na Suzuki, da ZX-10R na Kawasaki, da S1000RR na BMW, a kan zaman sukuwa aka ƙera su. Mariƙan hannu suna can ƙasa, kusan daidai da kujera. Matakan ƙafa an ɗaga su sama an mayar da su baya, don kada su goga kwalta idan aka kwantar da babur a kwana. Kujerar siririya ce, ga tauri, ga tsayi, a sabbin R1 ta kai milimita 855. Idan ana gudun kilomita 200 a awa, iska ce ke tallafe ƙirjin mahayi ta ɗauke wa hannayensa nauyi. A gudun kilomita 30, tsakanin A Daidaita Sahu biyu, babu wata iska, nauyin mutum gaba ɗaya a kan tsintsiyar hannunsa yake sauka.

Masu ƙera su ba kuskure suka yi ba. Gasar Superbike ta duniya, wadda aka fara a 1988, tana da ƙa'idar cewa babur ɗin da za a shiga tsere da shi dole tushensa ya zama wanda ake sayar wa jama'a a shago. Saboda haka kamfani zai zana babur don ya ci kofi, sannan ya maƙala masa fitila da madubi da wurin ɗaura lamba ya kai kasuwa. Wanda ya saya don zuwa ofis, kayan aikin wani ya saya.

Ni ma na saya, shi ya sa nake magana. Na yi kusan shekara biyu da wani mai cc 600, silinda huɗu. Da asubahin Lahadi, a kan titi fayau, ban taɓa hawa abin da ya kai shi daɗi ba. Amma ranakun mako shida ne kafin Lahadi ta zagayo. Wata rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40, na maƙale tsakanin Bata da Kantin Kwari kusan rabin awa. Allon babur ya nuna zafin inji ya haura 100, fankar lagireto ta tashi tana huro mini iska a ƙwauri kamar na tsaya a bakin tanderun gurasa. Hannun hagu ya gaji da matse kuloci, ban fita daga giya ta ɗaya ba. A gefena wani dattijo a kan roba-roba, da ɗaurin atamfa a gabansa, yana zaune a miƙe kamar a zaurensa, yana silalewa ta tsakanin motoci. Ni kuwa kan babur ɗina ba ya juyuwa sosai, sai na ja baya da ƙafa kafin in karya kwanar da shi ya karya a tashi ɗaya. Da hanya ta ɗan buɗe, na murɗa totur fiye da kima don kawai iska ta buge ni. Sai ga yarinya ta fito daga bayan wata bas da farantin gyaɗa. Allah ya tsare, na tsaya, tsakanina da ita bai fi taku ɗaya ba. Ta dube ni, ta gyara gammonta, ta wuce. Ni ne na kasa tafiya, na gangara gefen titi na zauna a kan dakali har jikina ya daina rawa. Ban yi gudun nan don burga ba, zafi da gajiya ne suka murɗa totur ɗin. Ban ƙara wata biyu da babur ɗin ba na sayar.

Sai a dubi ƙarfin da ake magana a kai. Boxer ɗin da 'yan acaba suka sani, ƙarfinsa na doki 8 ne ko kusa da haka. Sabbin baburan tsere masu cc 1000 suna da ƙarfin doki 200, wasu ma sun ɗara. Wato ninki ashirin da biyar, a jikin abin da nauyinsa bai kai ninki biyu na Boxer ba. A giyar farko kaɗai irin wannan babur yana haura kilomita 140 a awa, alhali akwai sauran giya biyar. Dokar hanya ta Najeriya kilomita 50 ta yarda da shi a cikin gari, kuma ko ƙaramar mota a kan babban titi mai hannu biyu iyakarta 100. A gudun kilomita 200, kowace daƙiƙa ɗaya mutum yana cinye mita 55, fiye da rabin filin ƙwallo. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take yi sau huɗu. Yanzu a ɗauki wannan lissafi a ɗora shi a kan hanyar Kano zuwa Zariya, inda garken shanu ke tsallakawa, inda mutanen ƙauye ke ratsa titi ranar kasuwa, inda babbar mota ke biyo hannun da ba nata ba da fitila ɗaya. Mai irin wannan babur ya biya kuɗin giya shida, amma giya ɗaya da rabi kawai titi ya ba shi izinin amfani da su.

Na san sunan da ke hana samari barci: Hayabusa. A 1999 Suzuki ta fito da shi, ta sa masa sunan wani shaho da harshen Japan, ya haura kilomita 300 a awa, ya ƙwace kambun gudu daga Blackbird na Honda. Abin ya kai har manyan kamfanonin suka tsorata kada hukumomin Turai su hana shigar irin waɗannan babura, sai suka daidaita a tsakaninsu wajen shekarar 2000 cewa kowa ya tsaya a 299. Gaskiya ɗaya ce, Hayabusa ya fi R1 daɗin zama nesa ba kusa ba. Dogo ne, kujerarsa milimita 800, ƙafa tana taka ƙasa sosai, kuma a doguwar hanya ba ya karya baya. Sai dai sabonsa kilo 264 ne da mai a ciki, ya fi buhun siminti biyar. Ranar da ƙafa ta zame a kan yashin bakin titi a wurin danja, ba mutum ɗaya ne zai tayar da shi ba.

Abin da ya kamata mu lura da shi kuma, su kansu masu titunan da suke sumul kamar tafin hannu sun fara juya wa baburan tsere baya. Yamaha ta daina yin R6 na hawa titi bayan 2020. Daga 2025 kuma R1 ɗin da take sayarwa a Turai na filin tsere ne kawai, ba a yi masa lamba. Dokokin hayaƙi sun yi tsanani, masu saye kuma sun ragu. A gurbinsu sai ga Aprilia RS 660 a 2020, ga Yamaha R7 a 2021, masu silinda biyu, masu sauƙin kuɗi da sauƙin sarrafawa. Mutanen da ke da asibitin ƙashi a kusa da motar ɗaukar marasa lafiya mai zuwa cikin mintoci suna saukowa ƙasa, mu kuma muna hawa sama.

Titinmu fa shi ne alƙali. Tsakanin cikin babur ɗin tsere da ƙasa wajen santimita 13 ne kawai, saboda haka kowane tudun rage gudu da 'yan unguwa suka gina da siminti a ƙofar makarantar Islamiyya, sai salansa ta gaishe shi. Shokozobarsa mai tauri ce, tafiyarta gajeriya, an yi ta don kwalta mai santsi. Rami ɗaya da damina ta ɓoye a ƙarƙashin ruwa ya isa ya lanƙwasa rim, kuma ba rim ɗin da mai faci zai buga da guduma ya miƙe ba ne. Tayar baya, mai faɗin milimita 190, roba ce mai laushi don ta kama titi a kwana, sau da yawa ba ta wuce kilomita dubu biyar ko shida ta sanƙe. Robobin jiki kuwa, faɗuwa ɗaya a tsaye ta isa ta fasa su, sannan a shiga jiran kaya daga Legas ko daga waje, da farashin dala. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar dutsen wasa wuƙa.

Ga kuma mai. Littafin da ke zuwa da waɗannan babura fetur mai lamba 95 ko sama yake nema, mu kuwa gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa, abin da ka samu shi ne rabonka. Ba mu manta da gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya lalata injinan mutane ba. Inji mai tsananin matsi ba ya yafe irin wannan. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 kuma, babu mai hankalin da zai sayi abin hawa bai yi lissafin lita ba. Babur ɗin tsere mai cc 1000 yana yin kilomita 14 ko 15 da lita ɗaya, kusan daidai da ƙaramar mota. Mai silinda biyu da cc 650 yana wuce 20. Boxer yana ninka wannan.

Akwai abin da masu sharhin babura na ƙasashen waje ba za su taɓa faɗa mana ba, don ba rayuwarsu ba ce. Mu mutane ne masu goyo. Yau ka kai ɗanka makaranta, gobe ka rage wa maƙwabci hanya, jibi maiɗakinka ta ce ka kai ta gidan suna. Wurin goyo a babur ɗin tsere bai fi tafin hannu biyu ba, yana can sama kamar an ɗora mutum a kan katanga, babu mariƙi, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Wace mace ce za ta hau wannan da zani da hijabi? Mu kuma mutane ne masu doguwar riga. Ranar Juma'a za ka naɗe kaftani har ƙugu kafin ka ɗaga ƙafa, ga sarƙa a buɗe tana jiran bakin riga. Babur ɗin da sai ka ajiye shi a gida ranar Juma'a da ranar biki da ranar da yaro ba shi da lafiya, ba na yau da kullum ba ne, ko nawa aka saye shi.

Abokaina da muke fita da su suna da amsa, kuma ban raina ta ba. Suna cewa totur a hannunka yake, babur ba ya gudu da kansa. Suna cewa iya kuɗinka iya shagalinka, wanda ya sayi agogon miliyan ba don ya fi na dubu biyar faɗin lokaci ya saya ba. Suna cewa sabbin baburan suna da kwamfutar da ke hana taya zamewa da birkin ABS da ba ya kafewa. Na yarda da rabin maganar. Sha'awa ba laifi ba ce, kuma wanda ke da mota ko wani babur na zirga-zirga, yana da shekaru a kan hanya, ya ajiye na tsere don safiyar Lahadi, ba da shi nake ba. Amma maganar totur a hannunka yake, ta mutumin da hannunsa ya riga ya koyi aiki ce. Sabon mahayi idan ya faɗa rami ko ya firgita, hannunsa da kansa yake murɗawa. A kan Boxer wannan kuskure ƙara ce kawai da ɗan zabura. A kan mai ƙarfin doki 180 tayar gaba ce za ta tashi sama. Maganar kwamfuta kuma, a duba shekarar ƙira. Hayabusa bai samu ABS ba sai 2013, R1 sai 2015. Waɗanda kuɗin samarinmu ke iya kaiwa gare su mafi yawa na 2004 zuwa 2008 ne, ƙarfi tsagwaronsa babu mai tsawatar masa. Wasunsu ma daga gwanjon baburan da suka yi haɗari aka ɗebo su, aka sauya roba aka fesa fenti. "Ko ƙwarzane babu" magana ce a kan roba. Ƙashin bayan babur da ƙafafun gaba su ne abin dubawa, kuma sai da bakanike mai ido.

To me za a saya? Wanda bai taɓa wuce Boxer ko roba-roba ba, ya nemi mai cc 300 zuwa 400, irin Yamaha R3 ko Ninja 400 na Kawasaki. Suna da siffar da samari ke so, fitilu masu kama da idon damisa da komai, amma ƙarfinsu na doki 42 zuwa 45 ne, nauyinsu kilo 170 ko ƙasa, mariƙan hannu kuma a sama suke. Wannan ma ya ninka Boxer sau biyar, kuma ya fi mafi yawan motocin da ke titin Kano saurin tashi. Wanda ya yi shekara biyu ko uku a wannan mataki, ga masu 650: Ninja 650, ko SV650 na Suzuki da aka fara ƙerawa a 1999, ko MT-07 na Yamaha. Wanda kunnensa ba zai haƙura da kukan silinda huɗu ba, ga CBR650R na Honda. Irin wannan rukuni nake hawa yanzu, mai silinda biyu. Ƙarfinsa yana fitowa tun daga ƙasa, ba sai an kai inji ƙololuwa ba, kuma a cikin gari abin da ake buƙata ke nan. Na je Kaduna a kai na dawo a yini ɗaya, na yi sallar isha'i a tsaye ba tare da dafa bango ba.

Gogaggen mahayi mai doguwar tafiya da ke son ƙarfi na gaske, akwai waɗanda aka yi musu inji mai ƙarfi da zaman mutunci, irin Ninja 1000SX da GSX-S1000GT, masu gilashin tare iska da wurin ɗaura jaka da kujerar goyo ta ƙwarai. Wanda kuma hanyarsa ke bi ta ƙauyuka, ya manta da siffar tsere gaba ɗaya ya dubi dogayen nan masu tsayin ƙafa, irin V-Strom ko Versys, ko wanda Yamaha ta sa wa sunan hamadar Tenere ta Nijar. Ina yawan tuna cewa injiniyan da ya fito da Fireblade na Honda a 1992, Tadao Baba, bai nemi ya fi kowa girman inji ba. Rage nauyi ya sa a gaba, don mahayi ya ji shi ke da iko da babur. Wannan tunani shi ya girgiza kasuwa a lokacin, kuma shi ne ma'aunin da zan ba kowa: ka hau, ka ga ko ƙafafunka biyu suna taka ƙasa, ka juya kan babur har ƙarshe dama da hagu, ka waiwaya baya da hular kwano a kanka, ka zauna minti goma. Idan mai sayarwa ya ƙi barinka ka yi haka, ka yi masa sallama.

Sai dai maganar ta fi ƙarfin shawarar yaya da ƙani, don ba kowane saurayi ke da wanda zai kai shi gareji ba. A Najeriya lasisin babur rukuni ɗaya ne, rukunin A. Takardar da ta halatta wa mutum hawa Boxer ita ce ta halatta masa hawa mai ƙarfin doki 200, in ma ya damu da neman takardar ke nan. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun Janairun 2013, matakai ne: ɗan shekara 16 iyakarsa cc 125, ɗan 18 iyakarsa ƙarfin doki 47, babban lasisi kuwa sai ya kai 24, ko ya yi shekara biyu a matakin tsakiya. Japan, wadda ke ƙera yawancin baburan nan, ta raba lasisi a kan cc 400, wanda ke son ya haura sai ya sake jarrabawa. Masu ƙera abin ba su yarda su miƙa wa ɗansu shi haka kawai ba. Me zai hana hukumar kiyaye haɗurra ta raba rukunin A gida biyu ko uku, da gwajin hawa na gaske a fili, sannan a wajabta wa dillali ya ga lasisin kafin ya miƙa makulli? Ba dukiya mai yawa wannan ke buƙata ba. Kano da ke da filin sukuwar dawaki da filin folo, ta cancanci a ce tana da wani killataccen fili mai kwalta a bayan gari, inda mai son ya ji ƙarshen babur ɗinsa zai biya kuɗi ya je ya ji, babu akuya babu ɗan makaranta, inda kuma za a riƙa koyar da sababbi taka birki da karya kwana.

Mu mahaya ma da namu laifin. Na sha ganin wanda ya zuba miliyoyi a babur yana tafe da hula zanna da silifas. Wai hular kwano tana ɓata karin hula, wai zafi. Lokacin da aka fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairun 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaba suka kifa a ka don su wuce jami'ai, aka yi ta dariya. Su talauci ne uzurinsu, mai fawa bayik ba shi da wannan uzuri. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna hular kwano ta ƙwarai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Akwai riguna masu raga-raga da aka yi don ƙasashe masu zafi, iska na ratsa su, da kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da baya. Kuɗinsu da na safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, cikin kuɗin babur suke. Wanda kuɗinsa bai kai su ba, bai kai babur ɗin ba.

Sannan ga masu fasa salansa su ratsa unguwa ƙarfe ɗayan dare, da masu ɗaga taya a ayarin ɗaurin aure. Su tuna yadda hukuma take yi a ƙasar nan idan babur ya dame ta: ba ta tsayawa tantancewa. Abuja ta kori acaba daga tsakiyar birni a 2006. A Kano, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero a Janairun 2013, cikin 'yan kwanaki aka hana goyo a babur, dubban magidanta da ba su ji ba ba su gani ba suka rasa sana'a. Ranar da wani ɗan gata zai kashe yara uku a bakin makaranta da babur mai cc 1000, sanarwar da za ta biyo baya ba za ta bambanta mai hankali da mai ganganci ba. Gara mu nemi a tsara mu da kanmu tun ana sauraronmu.

Ƙanina bai ji daɗin ranar Asabar ɗin nan ba. Kwana huɗu bai kira ni ba, kuma har yanzu hoton shuɗin babur ɗin ne a fuskar wayarsa. A rana ta biyar ya turo wani hoton, Ninja 400 kore, yana hannun wani ma'aikaci a Abuja da zai bar ƙasar, da tambayar ko bakanikena zai yarda ya bi mu ya duba. Dattijon ya ce zai je in za a dawo da shi kafin magariba. Hular kwano da riga mun riga mun saya, suna ɗakin Hajiyarmu, ita ta ce a ajiye mata su a inda za ta riƙa ganinsu. In ciniki ya faɗa, ni zan hawo shi zuwa Kano, shi ya biyo ni a mota, kuma mun yi da shi sai ya yi wata guda yana zagaya filin makarantar unguwarsu da sassafe kafin ya hau titin Zoo.